Tsohon Doki Sai Mai Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa ranar hawan Salla, ya ga hakiman Katsina suna shigowa bi da bi da jama'arsu don su yi wa Sarki jafi, ya san darajar doki ba ta faɗi a ƙasar nan ba, ko da ya ke mota da babur sun karɓe masa tafiya. Cikin hakiman nan akwai Yandaka na Dutsin-Ma da Maraɗi na Kurfi, kowanne da dagatai da barori bisa dawaki. Amma mai kallo waɗanda aka kawo kaɗai ya ke gani. In ka bi hanyar nan da ta tashi daga Katsina ta ratsa Kurfi ta kai Dutsin-Ma, wajen kilomita 60, ka leƙa bargar gidajen masu dawaki, ba wuya ka tarad da wani tsohon ingarma a turke, wanda shekarun baya shi ne a kan gaba, yanzu kuwa ƙafa ta kumbura, yana tsaye yana kaɗa ƙuda.

To, me za a yi da irin wannan doki? Yawancin mutane ɗayan hanya biyu su kan bi. Wani don tausayi sai ya ɗaure shi wata da watanni ba ya ko fita ƙofar gida. Wani kuwa da ya ga ɗingishi ya ragu sai ya ɗora sirdi ya sa ƙaimi. Abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, hanyoyin nan biyu duka ɓata doki su ke yi. Maganin tsohon doki mai rauni a ƙafa shi ne motsi na yau da kullum, amma motsi da awo, ana ƙara shi kaɗan kaɗan.

Yadda Ƙafar Doki Ta Ke

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a san ƙirar abin da za a yi wa magani. In ka shafa ƙafar doki daga gwiwa zuwa kofato, ba za ka ji tsoka ko kaɗan ba. Ƙashi ne a gaba, jijiyoyi masu ƙarfi a baya kamar igiyar da aka ɗame, sa'an nan fata ta rufe su. Tsokar da ke jan jijiyoyin nan tana can sama da gwiwa. Wannan ƙira ita ta ba shi saurin gudu, domin ƙafar ba ta da nauyi, amma kuma nan ne lagonsa. Jini ba ya yawo cikin jijiya kamar yadda ya ke yi cikin tsoka, jini kuwa shi ke kai kayan gyara duk inda aka yi ɓarna a jiki. Don haka sara a cinya ya kan warke cikin 'yan makwanni, amma jijiya in ta tsage sai ta ci wata 9 zuwa 12 kafin ta yi ƙwari.

Har wa yau, ƙafafun gaba su ke ɗauke da kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Watau in doki ya kai kilo 300, kilo 180 yana bisa ƙafafun gaba tun yana tsaye. A cikin sukuwa kuwa akwai ƙiftawar ido da nauyin nan duka, da na mahayi, da na sirdi da jalala da sauran kayan ado, ke sauka bisa ƙafa guda. Ka ga dalilin da ya sa zamiya ta fi kome cin jijiya, wato a sako doki a guje sa'an nan a ja linzami ya tsaya cik. Haka nan ƙwallon dawaki, wanda ya kafu a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko (1906 zuwa 1944), ɗansa Sarki Usman Nagogo (1944 zuwa 1981) kuma ya shahara da shi ƙwarai: wasa ne na juyi da tsayawa farat ɗaya. Dokin da ya shekara 15 ko 20 yana irin wannan aiki, jijiyoyinsa sun riga sun saki kamar tsohuwar igiyar guga, abu kaɗan ya ishe su. Duk da haka ba a ce ya ƙare ba, gama doki in ya sami kiwo ya kan kai shekara 25 har 30.

Abin Da Zama Ke Jawowa

Jijiya in ta tsage, jiki ya kan cike gurbin da wani sabon nama. Da fari zarurrukan sabon naman nan a cukurkuɗe su ke, kamar audugar da ba a kaɗa ba. Abin da ke miƙe su su jeru su yi ƙarfi shi ne ja a hankali, irin wanda tafiya ke kawowa. Dubi mai kaɗi: in ta fizga da ƙarfi zare ya tsinke, in kuwa ba ta ja ba sam, ba zare. Dokin da aka bari a turke wata 6 ba motsi, ciwon zai rufe, amma da tabo mai tauri marar ƙarfi, wanda zai sake tsagewa ran da aka fara sukuwa da shi.

Ba jijiya kaɗai zama ke ɓatawa ba. A ƙarƙashin kofato, daga tsakiya, akwai wani nama mai danƙo mai siffar kan mashi. Duk sa'ad da doki ya taka, kofato ya kan ɗan buɗe, naman nan da matashin da ke bisansa su matsu, su tura jini ya koma sama. In ba tafiya sai ruwa ya taru, ka wayi gari ƙafafun duka sun yi suntum. Hanji ma da motsi ya ke aiki sosai. Dokin da ya saba fita aka tsare shi rana ɗaya, ya kan yi ciwon ciki na taurin kashi, ciwon ciki kuwa a wurin doki ba abin wasa ba ne, tun da ba ya iya amai. Ga kuma tsokar gadon baya da ta cinya: ta tsoho da sauri ta ke zubewa, da wuya kuma ta ke komowa. Gaɓoɓin da amosani ya fara kamawa kuwa, zama ƙara musu sanƙarewa ya ke yi.

Akwai wani haɗari da ya fi waɗannan duka. Dokin da ƙafa ɗaya ke masa zafi ya kan jingina nauyinsa bisa 'yar'uwarta dare da rana, har naman da ke riƙe da kofaton lafiyayyar ƙafar ya yi zafi ya fara rabuwa da ƙashi. A Amurka an yi wani dokin sukuwa wai shi Barbaro. Cikin watan Mayu na 2006 ya ci babbar sukuwar Kentaki, bayan mako 2 ya karye a ƙafar baya ta dama. Manyan likitoci suka ɗora ƙashin da ƙarfe da kusoshi, ɗori kuwa ya kama. Amma sai ciwon kofaton nan ya kama ƙafar hagu, daga baya ya kama na gaba, har a watan Janairu na 2007 ba yadda za a yi sai aka hutar da shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk mai jinyar doki ya riƙa taɓa kofaton lafiyayyar ƙafa kamar yadda ya ke taɓa mai ciwon.

A Fara Sanin Ciwon

Ba kowane ɗingishi ke son tafiya ba, saboda haka dole a san irin ciwon tukuna. In ana so a gane ƙafar da ke ciwo, sai a sami wuri mai tauri shimfiɗaɗɗe, wani ya ja dokin da ragama a sake yana sassarfa ya nufo ka. In ƙafar gaba ce, za ka ga yana ɗaga kai sama daidai sa'ad da mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sunkuyar da shi sa'ad da lafiyayyar ta taka. In ta baya ce, ka tsaya a bayansa yana tafiya, za ka ga ƙugun gefen da ke ciwo ya fi ɗaya hawa da sauka.

Daga nan sai a fara dubawa daga ƙasa, domin ɗingishi da yawa daga kofato ya ke farawa: ƙaya, ko ƙusa, ko tsakuwa, ko ƙurjin da ya tara mugunya a ciki. Wannan in aka buɗe aka wanke ya kan warke da wuri, amma lalle a yi wa dokin allurar ciwon nan mai sanƙarar da jiki da ɗaure muƙamuƙi, gama doki yana cikin dabbobin da ciwon ya fi kamawa, ƙwayarsa kuwa cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke. In kumburi da zafi a bayan ƙwauri su ke, har wurin ya tanƙwaro kamar baka, to jijiya ce. In kuwa gaɓa ce ta yi kauri, doki ya fito da safe a sanƙare amma bayan 'yar tafiya ya warware, wannan amosanin tsufa ne, shi ne kuma ya fi kowanne son motsi.

Akwai hali biyu da ba a jira a cikinsu. Na ɗaya, doki ya kasa ɗora ƙafar a ƙasa sam, ko ƙafar tana lilo. Na biyu, rauni ya faɗa bisa gaɓa, ana ganin wani ruwa mai yauƙi rawaya yana fitowa. A nan ba kilisa, ba jan doki zuwa ko'ina, sai a nemo malamin dabbobi ran nan. Aikin likitancin dabbobi ba baƙo ba ne a Arewa, tun 1924 aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom, a Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin dabbobi. Likitocin zamani suna ɗaukar hoton ƙashi, suna kuma da na'ura mai duba cikin jijiya da amon sauti, ta nuna girman tsagar da yadda ta ke cikewa. Wanda ya ke da halin kai dokinsa a duba shi da ita, ya huta da kintace.

Kwanakin Farko

Mako ɗaya ko biyu na fari, sa'ad da ƙafa ke da zafi, hutu ne magani. A riƙa kwarara mata ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20, sau 2 ko 3 a yini. Ruwan randa ya isa, in an sami ƙanƙara a naɗe ta cikin tsumma tukuna. In za a ɗaure ƙafar, a shimfiɗa auduga mai kauri a ƙarƙashi, a naɗe daidai wa daida ba a matse ba, a kwance kullum a duba, domin mugun ɗauri shi kansa ya kan ji wa jijiya ciwo.

A ƙasarmu an saba ɗaure doki a turke ta ƙafa. Dokin jinya kada a ɗaure shi ta mai ciwon, kada kuma a sa masa tarnaƙi. Abin da ya fi shi ne a yi masa ɗan shinge, taku 4 ko 5 kowane gefe, a sake shi ciki, ya juya ya kwanta ya tashi yadda ya so. A zuba masa yashi mai tsabta mai kauri, a riƙa kwashe kashi da jiƙaƙƙen wuri safe da yamma, don fitsari na ruɓar da ƙarƙashin kofato. Tun ranar farko kuma a rage masa dawa ƙwarai. Dokin da ba ya aiki in aka ci gaba da cika masa hatsi, ga tsalle-tsalle da zai hana ciwo warkewa, ga kuma ciwon kofaton nan da muka ambata, gama yawan hatsi ma na kawo shi.

Kilisa Da Awo

Da zafi ya sauka, doki kuma yana taka ƙafar a tafiya, sai a fara aiki. Ga tsarin da likitocin dawaki su kan bayar don jijiyar da ta tsage, ko da ya ke kowane doki da gwargwadon ciwonsa.

Wata na 1: a ja shi da hannu, ba sirdi ba mahayi, minti 5 zuwa 10, safe da yamma.

Wata na 2 da na 3: a riƙa ƙara kamar minti 5 kowane mako ko mako biyu, har ya kai minti 30 zuwa 40 a yini, duk a tafiya.

Wata na 4 da na 5: a sa sirdi marar nauyi, mutum marar jiki ya hau, amma har yanzu tafiya ce kawai.

Wata na 6 zuwa na 8: a fara sassarfa ta minti 2 ko 3 a tsakiyar kilisa, a miƙe ba kewaye ba, ana ƙarawa a hankali.

Wata na 9 zuwa na 12: in ƙafa ba ta yi magana ba, a gwada 'yar sukuwa marar ƙarfi a fili mai kyau.

Targaɗe ƙarami ba ya ɗaukar wannan tsawo, mako 4 zuwa 8 ya kan isa, amma matakan su ne dai, sai a gajarta su. Dokin amosani kuwa ba shi da ranar gamawa. Shi kilisa abincinsa ce har ƙarshen rai, kuma minti 20 kullum ya fi masa sa'a 3 ran Juma'a kaɗai. A fara masa da tafiya ta minti 10 ko 15 kafin a nemi kome daga gare shi.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da tsarin nan duka: doki shi ke ba da izinin ƙari, ba mai shi ba. Kowace safiya, kafin a fita, a shafa ƙafafun biyu da hannu ɗaya a gwada. In mai ciwon ta fi ɗumi, ko ta fi ta jiya kauri, ko ya janye ta da aka matsa, to aikin jiya ya yi yawa. A koma ruwan sanyi kwana 2 ko 3, sa'an nan a komo matakin da ke baya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai idon da ke kallon abu kullum ba ya ganin ƙaruwarsa. Saboda haka a sami zare a auna kewayen ƙafar a wuri guda, a ƙulla, a kuma ajiye ɗan littafi a riƙa rubuta kwanan wata da mintocin tafiya da halin ƙafa. Lafiyayyen doki in yana hutawa zuciyarsa tana bugawa kamar sau 28 zuwa 44 a minti, numfashi sau 8 zuwa 16. In aka ji bugun ya haura haka alhali yana tsaye a inuwa, akwai zafin da ya ke ɓoyewa.

Kada a ba yaro jan dokin jinya. Ingarman da ya kwana biyu a tsare, ko tsoho ne, da ya shaƙi iskar waje ko ya jiyo goɗiya sai ya miƙe tsaye, tsalle guda kuwa ya isa ya rushe aikin wata 3. Babban mutum wanda dokin ya sani shi zai riƙe, a kuma bi hanyar da ba dawaki ba babura.

Inda Za A Taka Da Lokacin Fita

Wanda ya san ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ya san ba iri ɗaya ba ce. Kusa da duwatsu akwai fa da tsakuwa, wani wuri marmara, cikin rafuka kuma rairayi. Kowanne da abin da ya ke yi wa ƙafa. Kwalta da marmara suna dukan gaɓa, ba su dace da mai amosani ba. Busasshen rairayi mai zurfi, irin na cikin kogin Karaduwa da rani, mutane su kan zaci shi ya fi taushi, amma shi ne babban abokin gāban jijiya, domin kofato na nutsewa, jijiya ta miƙe fiye da kima a kowane taku. Gonar da aka girbe da kaka kunyoyinta na murɗa ƙafa, laka da damina kuma ga santsi ga riƙe kofato. Abin da a ke nema shi ne turba shimfiɗaɗɗiya mai ƙasa a daddale, ko yashi mai laima wanda kofato ba ya shiga cikinsa fiye da kaurin yatsa.

A Ingila an yi wani doki mai suna Red Rum, wanda tun yana ƙarami ya ke da ciwon ƙashin cikin kofato. Mai horonsa ba shi da filin ciyawa, sai ya riƙa kai shi bakin teku yana gudu bisa jiƙaƙƙen yashi, yana shiga ruwa. Dokin nan ya ci babbar sukuwar tsallake shinge ta ƙasar a 1973 da 1974, ya sake ci a 1977 yana da shekara 12, bai mutu ba sai 1995 yana da 30. Mu ba mu da teku, amma mutanen Dutsin-Ma suna da madatsar ruwa ta Zobe da aka gama a 1983. Wanda ke kusa, in ya sami gefe mai tauri marar laka, ya tsai da doki cikin ruwa zuwa gwiwa na minti 15 ko 20 bayan kilisa. Sai dai ba a shigar da ƙafa mai buɗaɗɗen rauni, in an fito kuma a tsane bayan kofato sarai.

Lokacin fita kuma yana bin yanayi. Da bazara a fita da sassafe ko da la'asar sakaliya. Da hunturu kuwa a dakata sai hantsi, domin sanyi na ƙara ɗaure tsofaffin gaɓoɓi, da dare kuma a rufa masa bargo a tsare masa iska da zana.

Kofato, Haƙori Da Abinci

Dawakinmu yawanci ba a sa musu takalmin ƙarfe, tafiya ita ke cinye kofato. Dokin jinya ba ya tafiyar da za ta cinye, kofato kuwa tsiro ya ke yi, kusan santimita 1 a wata. In gabansa ya yi tsawo, sai kowane taku ya riƙa fizgar jijiyar da a ke lallaɓawa. Don haka kowane mako 6 zuwa 8 a kira wanda ya iya ya datse ya daidaita.

A dubi baki kuma. Haƙoran doki suna goguwa da shekaru, su yi kaifi a gefe su yanki kunci, waɗansu su zube. In ka ga dunƙulen ciyawa taunanne yana faɗowa daga bakinsa, ko ƙwayar dawa tana fita cikin kashi ba ta narke ba, haƙori ne, likita na iya goge shi. Irin wannan doki a jiƙa masa dusa, a ɓarza masa hatsi, a zaɓa masa harawa mai laushi. Gwargwadon ciyawa da harawa a yini shi ne kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, watau kilo 6 ga doki mai kilo 300, a rarraba sau da yawa. A zuba cikin komi, kada a ƙasa, don yashin da ya ke haɗiyewa na taruwa a hanji. Ruwa kada ya yanke a gabansa, ya kan sha lita 20 zuwa 40, da zafi ma fiye, a kuma ba shi ɗan gishiri ko kanwa kamar yadda aka saba, da maganin tsutsar ciki a kan lokaci. Amma kada tausayi ya sa a yi masa kiwon turke irin na ragon layya. Kowane kilo na kitse bisa ƙafar nan zai sauka. Daidai shi ne ka shafa ka ji haƙarƙari, amma ido bai ƙirga su ba.

Lalas Da Allurar Kashe Zafi

Tun zamanin da, masu dawaki a nan da ƙasashen Turai su kan yi wa kumburarriyar jijiya lalas da jan ƙarfe, da yawa kuma za su rantse sun ga amfaninsa. A 1983 masana a Jami'ar Biristol ta Ingila suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan haka, suka tarar ƙuna ba ta sa jijiya ta warke da sauri ko ta ƙara ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne, dokin da aka ƙona dole a ƙyale shi watanni, hutun ne ya yi aiki, ƙarfe ya karɓi yabo. Tun da ana iya ba da hutun ba da wuta ba, me ya kai mu ga azabtar da dabba?

Na biyu ya fi wannan haɗari, domin na zamani ne kuma yana da sauƙin samu. Akwai allura da gari masu kashe zafi. A hannun likita, cikin kwanakin farko ko don tsohon amosani, suna da amfani. Amma zafi dogari ne da ke tsare ƙofar ciwo. Wanda ya yi wa gurgun doki allura da safe don ya hau shi da hantsi, ya kori dogarin ne kawai, ɓarawo kuwa na nan. Dokin zai yi gudu bisa jijiyar da ba ta warke ba, ya tsinka ta gaba ɗaya. Yawan shan maganin kuma ya kan ci tumbi ya taɓa ƙoda, balle ga tsohon dokin da bai sha ruwa isasshe ba.

Maganar Salla

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana 70 ne ko kusa da haka. Dokin da ya tsage jijiya a hawan Ƙaramar Salla, ran Babbar Salla yana cikin wata na 3 ke nan, watau ko sirdi bai isa ɗauka ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, a daidai wannan lokaci ɗingishi ya kan ɓace, kumburi ya sauka, doki yana haniniya yana tona ƙasa. Sai abokai su ce ai ya warke, mai shi kuma ya ji kunyar a ce bai fito cikin jama'ar hakimi ba. Amma ɓacewar ɗingishi dabam, ƙwarin jijiya dabam, tsakaninsu akwai rabin shekara. Wanda ya haƙura da Salla ɗaya ya ari doki ko ya yi kallo, yana iya samun Salla biyar nan gaba da dokinsa. Wanda ya ƙi, ya sayar da biyar ɗin don yini guda.

Ko bayan shekara ta cika, a san cewa tabo ba ya komawa kamar jijiyar asali, inda ta taɓa tsagewa kuma nan ko kusa da nan ta kan sake. Saboda haka tsohon doki ya yi sallama da zamiya da ƙwallo da jafi, a bar wa matasa. Wannan ba ya nufin ya zama na banza. Ba dokin da ya kai shi kyaun koya wa yaro hawa, gama ya san linzami, ba ya firgita da tambari ko bindiga. In aka jera shi da dukushi a hanya, dukushin ya kan kwaikwayi natsuwarsa. Yana iya kai mai shi gona ko gaisuwa ƙauye na kusa a tafiya. Ran hawa kuma, in nesa ba ta yi yawa ba, ana iya yi masa ado marar nauyi a ja shi da hannu, kamar yadda a ke jan dawakin zage a gaban Sarki. In kuwa rana ta zo da ya kwanta ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, yana ramewa, zafi ba ya barinsa ko da magani, to a nemi shawarar likita, kada son zuciyarmu ya tsawaita masa wahala.

Ya 'yan'uwa, da yawa cikinmu garuruwa irin su Kurfi da Dutsin-Ma da ƙauyukansu za a kai mu koyarwa, mutanen ƙauye kuwa ba abin da ba su tambayar malamin makaranta. Ba mu zama likitoci ba, kada kuma mu yi shigar likitoci. Amma muna iya nuna wa mai doki yadda zai auna ƙafa da zare, mu rubuta masa mintocin kilisa a takarda ya liƙa a barga, mu ƙirga masa watanni a yatsa, mu kuma gaya masa ranar da ya kamata ya nemo malamin dabbobi. Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Dabbar da ta ɗauki mutum shekara 15 ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ba ta yi yawan roƙo ba in ta nemi ya ja ta da hannu shekara guda. Allah ya sa mu dace, amin.